Kalmar da Na Gyara wa Yari

Ƙofar Sauri, Katsina
22 ga Afrilu, 2024

Zuwa ga aminina Alhaji Dabo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Hajiya Binta da yara da jikoki. Yaya zafin Malumfashi, yaya ƙafar nan taka, yaya kuma kunnen? Amsar ta ƙarshe na san ta, don ranar Sallah na kira ka a waya na yi ta kwarara maka barka da Sallah har maƙwabtana suka amsa, kai kuwa kana ta tambayar wa ke magana. Shi ya sa na koma wa takarda da biro kamar zamanin da muna kwaleji. Direban da zai miƙa maka ita yana zuwa Katsina kullum, in ka rubuta amsa ka ba shi.

Mu nan lafiya lau, maiɗakina Ma'u tana gaishe ku. Na ɗan rame, riguna sun fara yi mini yawa, amma zafin bana ne, kowa ka gani ya zabge.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne maganar na ukunmu, marigayi Yari tela, Allah ya jiƙansa. Shekara biyu ke nan cif da rasuwarsa. Ranar Laraba ɗiyarsa ta fari, Halimatus Sa'adiyya, ta yi mini sallama da jaka a hannu, cike da littattafan waƙoƙinsa guda goma sha ɗaya, irin na 'yan makaranta masu layi, duk sun sha man keken ɗinki. Ita da ƙannenta suna so a buga waƙoƙin su zama littafi. Ta ce ni zan zaɓa, ni zan duba, ni zan rubuta gabatarwa, tunda shekara arba'in babanta bai taɓa gama waƙa ba sai ya kawo mini na sa mata jan biro. Ban gaya mata cewa akwai littafi na goma sha biyu a durowata ba sai da ta miƙe za ta tafi. Shi ne wanda ya kawo mini a satin da ya rasu, ban samu na mayar masa ba.

Ka san tun da na bar koyar da Hausa matasan marubuta suka mai da zaurena asibitin littattafai. Su kawo maka labari mai shafi ɗari uku, an ɓata shafi biyar ana kwatanta kujerun falo da gashin idon budurwa, amma babu mutum ɗaya a ciki da ya taɓa yin gumi ko ya ji yunwa. Ga soyayya kamar ruwan sama, ga hawaye a kowane babi, ka rufe littafin ba ka tuna sunan kowa. To bayan irin wannan karatu na buɗe littattafan Yari, sai na ji kunya ta kama ni. Ka tuna waƙar da ya yi wa allura, inda ya ce ta tufatar da gari ita tana tsirara? Ka tuna wadda ya yi wa inuwar hasumiyar Gobarau, da take rarrafowa ƙofar shagonsa kullum kamar mai zuwa karɓar ɗinki? A gefen wannan na tarar da hannuna da ja, wai ɗango na uku yana ɗingishi. Ɗangon kam yana ɗingishi, har yau ina nan a kan bakana. Amma na bi littattafan nan shafi-shafi ina neman inda na taɓa rubuta masa cewa waƙa ta yi kyau, ban samu ba. Mafi girman yabon da ya samu daga gare ni shi ne "ba laifi", shi ma sau huɗu.

Na san abin da za ka ce. Za ka ta da tsohuwar gardamarmu ta bakin shagonsa, cewa waƙa ta kunne ce, ni kuma ina cewa in waƙa ta isa waƙa takarda ta ishe ta. Yanzu da kunnen ya yi maka tawaye, sai ka dawo layina ko ba ka so.

Ga waƙarsa ta ƙarshe, baiti biyu ne kacal, bai ko sa mata suna ba:

Makara ta zo tana jirana,
Ni mai awon mutane, ta auna ni.
Ran da za mu je masallaci tare,
Ka ara mini kafaɗa, Sammani.

Ka ga Yari da tsokanar kansa. Mutumin da bai taɓa samun sahun farko ba, wanda rigar Ƙaramar Sallah sai da layya ake karɓarta, ga shi ya mai da makararsa mutum, har tana binsa masallaci. Kafaɗar kuwa ka sani, tun da gwiwarsa ta lalace ni yake dafawa in za mu hau matakala. Waƙar ba laifi, sai dai kalmar farko ba ta zauna ba. Makara ba ta jira, sai lokaci ya wuce ake cewa an yi ta. Abin da ke zama yana jira shi ne jinkiri. Haka na rubuta masa a gefe tun wancan lokaci, kuma haka na gyara yanzu: "Jinkiri ya zo yana jirana." Ka ji yadda jinkiri da jirana suke amsa wa juna? Da yana raye zai yi gunaguni, sannan ya yarda.

Gobe zan kai aikin wurin Sani mai ɗab'i a Ƙofar Kaura. Ina so littafin nan ya fito ba tabo, Dabo. Ban samu jana'izarsa ba, kai da ka taso daga Malumfashi ka samu, wannan kaɗai ya rage da zan iya yi masa.

Ka gaida Hajiya da kowa da kowa. Allah ya bar zumunci.

Naka har kullum,
Sammani

Ƙofar Sauri, Katsina
6 ga Mayu, 2024

Aminina Alhaji Dabo,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri, da fatan kun tashi lafiya, ya iyali, ya haƙuri da zafi? Takardarka ta iso, na gode. Rubutunka dai har yanzu kamar kaji sun yi tono, amma na gane abin da kake nufi. Ka ce in bar wa mamaci kalmarsa. Da farko raina ya ɓaci, na ce wanda bai taɓa gyara ko waƙafi ba shi zai koya mini aiki. Yanzu kuwa ban san abin da zan ce maka ba, don abin da ya faru cikin sati biyun nan ya fi ƙarfin kaina.

Na kai wa Sani aikin, ya buga a kwamfuta, bayan kwana uku ya ba ni bugun gwaji in duba. Komai ya fito yadda na gyara, har waƙafin da na ƙara. Da na zo shafin ƙarshe sai na ga "Makara ta zo tana jirana". Na koma na yi masa faɗa, na ce wa ya ba shi izinin mayar da abin da na cire. Ya rantse bai ma taɓa ganin littafin Yari na asali ba, daga takardar da na rubuta da hannuna ya kwafa, ya kuma ɗauko ta ya nuna mini. Gaskiyarsa, jinkiri ne a jikinta. Muka bar shi a kan kuskuren ido, ya gyara, na dawo bayan kwana biyu. Makara ce dai a shafin.

A karo na uku ban bar masa ba. Na ja kujera na zauna kusa da shi, da tsakar rana, wuta ma akwai, fanka tana juyawa. Da idona na ga ya goge kalmar, ya rubuta jinkiri, ya mai da "ta" zuwa "ya" har wuri uku. Na sa tabarau na karanta a fuskar kwamfutar. Ya danna, injin ya yi ƙugi ya turo takarda, na karɓe ta da ɗuminta. Dabo, wallahi makara ce a kai, da "ta" ɗinta duka uku. Sani ya dubi takardar, ya dubi kwamfutar, ya ture kujerarsa baya yana salati. Ya ce shekararsa goma sha takwas a sana'ar nan bai taɓa ganin inji ya yi wa mai shi gardama ba, ya roƙe ni in tafi da aikin gida tukuna.

Na hau keke mai ƙafa uku na dawo ina ta ba kaina hujja, na ce waɗannan na'urori suna da ajiyar da ba mu sani ba. Azahar ba ta yi ba na shiga zaure. Unguwa tsit, ko akuya ba ta motsi saboda rana. Na ce bari in sake duba asalin, na buɗe durowar da makullinta ke cikin aljihuna dare da rana, na ɗauko littafi na goma sha biyu. Waƙar tana nan, jan rubutuna yana nan a gefe. Amma a ƙarƙashinsa akwai wani rubutu da ban taɓa gani ba, da shuɗin alli irin wanda teloli ke zana yadi da shi. Kalma huɗu ne: "Karanta da baki, Malam."

Ka san wanda ke kirana Malam da wannan sigar, in na cika masa ciki da gyara. Ka kuma san yadda yake lanƙwasa wutsiyar "k" kamar ƙugiya. Littafin nan bai koma hannunsa ba tun ranar da ya miƙo mini shi, bai taɓa ganin jan rubutun da yake ba amsa ba. Na sa yatsa na taɓa, allin ya biyo yatsana, ɗanye kamar yanzu aka zana. Zauren kuma ya ɗauki warin man keke, alhali rabon gidan nan da keken ɗinki tun auren autarmu.

Na kira Ma'u na nuna mata. Ta koma ciki ta dama kunu ta aika masallaci sadaka, ta ce in daina ja da wanda ba ya nan. Ni kuwa na zauna na yi abin da aka ce. Na karanta waƙar da ƙarfi har sau uku, ni kaɗai a zaure kamar ɗan aji ɗaya. Ban ji komai sabo ba. Kalmar dai ba ta zauna ba, kuma ko aljani ne ya rubuta saƙon, ina da hujjata.

Amma ina jin tsoro, ba zan ɓoye maka ba. Fatalwa ba ta dame ni ba, Yari ko yana raye bai iya tsorata kaza. Abin da ke hana ni sukuni shi ne a ce akwai abin da yake gaya mini a baiti biyun nan wanda ni, da duk karatuna, ban gani ba.

Jibi zan leƙa asibiti, maganar tabarau ce da 'yan gwaje-gwaje, kada Hajiya ta ɗaga hankalinta. Ka sa mu a addu'a. Ma'u tana gaida ku.

Naka,
Sammani

Ƙofar Sauri, Katsina
17 ga Mayu, 2024

Ɗan'uwana Dabo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarka da ta mutanen gida. Ka yi haƙuri gaisuwar yau gajera ce.

Jiya da hantsi Halimatus Sa'adiyya ta zo jin inda aka kwana. Ban gaya mata labarin inji ko na alli ba. Na ɗauko takarduna ina nuna mata aikin da na yi, har na zo kan waƙar ƙarshe, na shiga yi mata bayanin bambancin makara da jinkiri kamar ina gaban allo. Ta bar ni na gama. Can ta ce ita ba ta yi karatun waƙa ba, amma wannan ta haddace ta, don a watansa na ƙarshe kullum babanta yana rera ta a kan keke, kuma duk lokacin da ya fara sai mahaifiyarsu ta tashi ta shige ɗaki. Sai ta sunkuyar da kai ta rera mini ita a hankali, da karin da yake yi.

A kalmar farko na gane. Kai ba za ka ji ba ko na zo na rera maka, don haka bari in rubuta maka dalla-dalla. Ba makarar lokaci ya ce ba. Makara ya ce, wadda ake ɗaukar gawa a kai, wadda ke jingine a bangon masallacin unguwarsu, taku ashirin daga ƙofar shagonsa, yana ɗaga kai daga ɗinki yana ganinta. A takarda harafinsu ɗaya, murya ce kawai ke raba su. Ni da na shekara talatin ina koya wa yara wannan bambanci, na karanta da ido, na ga Yari mai latti, na ɗora wa kalmar muryar da na ga dama. Ko da aka ce in karanta da baki, kuskurena na maimaita da ƙarfi har sau uku.

Sake karanta baitocin yanzu ka gani. Tana jiransa, ai ba ta da aikin da ya wuce jira. Ta auna shi, shi da ya ƙare rayuwarsa yana auna tsawon mutane. Za su je masallaci tare, shi a kwance a kanta. Babu kalma ɗaya da za ka cire, babu wadda za ka ƙara. Ya ɓoye mutuwarsa a cikin tsokanar da muka saba yi masa, yadda mai karatu zai fara da dariya kafin abin ya sauka masa a ƙirji. Ban taɓa karanta baiti biyu da suka kai waɗannan ba, kuma ni aka rubuta wa, da sunana a amsa-amo.

Yarinyar ta ce likita ya gaya masa tun wata uku kafin nan, bai sanar da kowa ba sai mahaifiyarsu. Da mahaifiyar ta matsa masa ya gaya wa aminansa, sai ya ce ya riga ya rubuta wa Sammani, Sammani kuwa ba a yi masa bayani sau biyu. Ta ce ranar jana'iza an riƙe gawa kusan rabin awa ana jirana, don ya bar wasiyya ni zan kama gaban makara ta hannun dama. Da liman ya ce ba za a ƙara jira ba, kai ka sa kafaɗarka a wurin. Shekara biyu ba ka taɓa gaya mini ba, Dabo. Ban sani ba ko in gode maka ko in yi fushi.

To ga abin da ni ma ban taɓa gaya maka ba. Na ce muku wayata ce ta mutu ran nan. Ƙarya na yi. Ni na kashe ta da hannuna, na rufe ƙofar zaure, na ce wa Ma'u ko wa ya zo ba na nan, don ina so in zauna a tsanake in yi wa waƙar Yari sharhi. Sau biyu ana buga ƙofa ina jin haushin masu katse mini tunani. Lokacin da ake masa wanka ina neman kalmar da ta fi tasa. Lokacin da kuke ɗauke da shi ina rubuta cewa makara ba ta jira. Da na fito na iso Gobarau, sai na haɗu da ku kuna dawowa da ƙasa a ƙafafunku.

Bayan ta tafi na yi kuka irin wanda ban yi ba ko a ranar. Da la'asar na je wurin Sani na ce a mayar da kalmar yadda take. Ya buɗe kwamfutar ya juyo mini da ita, ya ce babu abin mayarwa, tun ranar da na tafi makara ce a ciki, shi kuma bai ƙara taɓa shafin ba.

Na ɗauka magana ta ƙare ke nan. Yau da safe, bayan na karya, na buɗe durowa don in soke jan rubutuna. Saƙon farko ya ɓace, shafin fes kamar ba a taɓa sa masa alli ba. A wurinsa akwai wani sabo, kalma biyu: "Saura kafaɗa."

Ta yaya zan ara wa mutum kafaɗa shekara biyu bayan an rufe shi? In kana da amsa ka rubuto da wuri. Ka roƙa mini gafara wurin Allah, ka gaida Hajiya.

Naka mai kunya,
Sammani

Ƙofar Sauri, Katsina
29 ga Mayu, 2024

Zuwa ga aminina, ɗan'uwana Alhaji Dabo,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa ta ƙauna da girmamawa, ina fata kana lafiya, da Hajiya Binta, da yara da jikoki baki ɗaya. An ce kun samu ruwan fari, Allah ya sa mai albarka ne. Mu nan hadari yake haɗuwa kullum ya watse. Na ga takardarka, na gode da ba ka yi mini dariya ba, na kuma gode da ka ce Yari bai taɓa riƙe ni a zuciya ba. Shawararka ta in yawaita zuwa jana'iza na bi, ga kuma abin da ta haifar.

Ranar Asabar aka yi rasuwa a unguwar su Yari, wata tsohuwa ce da ban sani ba. Wannan karon tun kafin a fito da ita ina ƙofar gidan. Aka yi salla, aka kai ta, aka rufe, jama'a suka watse da sauri saboda rana ta take. Na waiga sai na ga an bar makarar a bakin maƙabarta, ladanin masallacin, Malam Amiru, yana neman wanda zai kama masa. Ka san makarar, tsohuwar nan ce ta gwangwala, wadda mutum ɗaya ke iya ɗauka da hannu guda, tsawonta ne kawai ke sa a nemi na biyu. Ita ce ta ɗauki Yari. Na ce masa ni zan kama gaba. Ya so ya hana ni saboda shekaru, na riga na ɗora ta a kafaɗar dama.

Taku goma na farko ba komai. Daga nan sai ta fara nauyi. Ba nauyin gajiya ba ne, Dabo, na san gajiya. Nauyin mutum ne, kamar an kwanta a kanta a hankali, har na ji gwangwalar ta yi ƙara ta lotsa. Na tambayi Malam Amiru ko ya ji wani abu, ya ce shi kam kamar ba ya ɗauke da komai. Sai warin man keke ya zo mini, a tsakiyar titi, ga masu babura suna wucewa, ga mai rake yana kiran ciniki. Na yi niyyar in sauke in gudu. Sai na tuna yadda yake dafa ni a matakala, da yadda yake sakar mini nauyinsa duka da gangan don ya ji na yi mita. Haka wannan nauyin yake, har da ɗan karkatar nan zuwa hagu saboda gwiwar.

Ban sauke ba. Na buɗe baki na rera waƙar, da muryar da ya sa mata, tun daga nan har cikin lungunan Gobarau. Mutane suna kallon tsoho ɗauke da makara ba gawa yana waƙa yana hawaye, ban damu ba. Muka wuce shagonsa, wanda yanzu ake sayar da kayan waya a ciki. Muna isa ƙofar masallaci, daidai matakalar, nauyin ya tashi gaba ɗaya, har na yi tangaɗi. Mun je masallaci tare, kamar yadda ya ce.

Muka jingine ta a bango. Na tsaya kusa da ita ina mayar da numfashi, sai Malam Amiru ya nuna kafaɗata ya ce na shafo wani abu. Na duba farar rigata. Ɗan gajeren layi ne na shuɗin alli, miƙaƙƙe, irin wanda tela ke yi in ya gama awo ya sa alamar inda zai yanka. Ma'u ta wanke rigar sau biyu bai fita ba, na ce ta bar shi.

Da na dawo gida na buɗe littafin. Babu alli ko ɗigo, warin ma ya tafi. Na soke sharhina da layi biyu, na rubuta a ƙasa da jan biron nan dai: "Ta yi kyau, Yari." Littafin zai fito bayan Babbar Sallah. Na bi shi daga farko na cire duk gyaran da na yi, har ɗangon nan mai ɗingishi na bar masa abinsa. Gabatarwar shafi ɗaya ce, abin da ta ƙunsa kawai shi ne roƙon mai karatu ya nemi wanda ya taɓa jin Yari ya rera masa, kada ya yarda da idonsa kaɗai. Ka ci gardamar shekara arba'in, sai ka yi ta murna.

Saura magana ɗaya. Na zargi kaina da rashin iya karatu, to kai ma ba ka tsira ba. Tun wasiƙar farko na ce maka riguna sun yi mini yawa, ka wuce. Na ce maka zan je asibiti saboda tabarau, ka wuce. Amma laifin nawa ne, na yi maka irin abin da Yari ya yi mini, ni kuwa ba ni da gwanintarsa. Ni ba mawaƙi ba ne, don haka zan faɗa maka a fili. Hanta ce. Likita ya ce an daɗe da wuce lokacin magani, yana ganin wata biyu ne ko uku, sauran sani yana wurin Allah. Ma'u ta sani, yara sun sani tun shekaranjiya. Alamar da ke kafaɗar rigata ba ta ba ni tsoro ba, Yari bai taɓa kuskuren awo ba, latti kawai yake yi.

Abin da nake roƙo guda biyu ne. Ka zo Katsina cikin satin nan, tun ina iya zama a zaure, in rera maka waƙar a kunnenka na hagu da ka ce yana ɗan ji, ko da unguwa duka za ta taru. Na biyu kuma, ran da za a fito da ni, gaba ta hannun dama naka ne. Ka taɓa riƙe wurin a madadina, wannan karon don ni za ka riƙe. Na gaya wa Ma'u kada a ɗaga sai ka iso, amma kada ka sa liman ya gaji da jira.

Ka gaida Hajiya Binta, ka ce ta yafe mini duk tuwonta da na ci ina kushewa. Allah ya jiƙan Yari, ya sa mu cika da imani. Na karanta takardar nan da baki sau biyu kafin in naɗe ta, babu kalma mai fuska biyu a cikinta.

Naka, amininka tun ƙuruciya,
Sammani